Yadda Ake Binciken Kundin Digiri a Kan Ma'aikata da Wuraren Aiki a Sakkwato

Duk shekara ɗaliban sashen kasuwanci da na harkokin mulki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna rubuta kundi a kan albashi, horar da ma'aikata, ƙarin girma, shugabanci da makamantansu. Na daɗe ina zama da ɗalibai a kan irin wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne kundin da ya shafi ma'aikata a ƙofar ma'aikata yake tsayawa ko ya faɗi. In aka buɗe maka ƙofa, mutanen ciki suka yarda da kai har suka gaya maka gaskiya, sauran aikin zama ne da haƙuri. Saboda haka na fi daɗewa a matakan da suka shafi shiga wuri da tattara bayanai. Da Turanci za ka rubuta kundin, amma rabin aikin fili da Hausa za ka yi shi.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne takardar gabatarwa daga sashenku, mai ɗauke da hatimi da sa hannun shugaban sashe, sannan katin shaidarka na ɗalibi. Ka yi fotokwafin takardar da yawa, domin kowane ofishi zai riƙe ɗaya. Na biyu, littafin ƙa'idar rubuta kundi na sashenku. In babu, ka ari kundin da aka yi bara wanda malami ya yaba, ka ga tsarinsa. Kana bukatar babban littafin rubutu mai bango guda ɗaya wanda komai na binciken zai shiga ciki, da birai da dama da za ka riƙa ba masu cike takarda, da ambulan, da jakar da za ta hana ƙura da gumi ɓata takardu.

Kwamfuta tana sauƙaƙa aiki, amma rashinta ba ya hana shi. Wanda ba shi da ita ya rubuta da hannu, ya kai shagon buga takardu, sai dai ya zauna kusa da mai bugawar ya duba lambobi da idonsa. Kowane babi ka ajiye shi wuri biyu, a filashi da kuma imel ɗinka. Wayarka ta isa ɗaukar sauti. Ka ware kuɗin kabu-kabu ko Keke Napep, don duk ofishin da ka nufa sai ka koma masa fiye da yadda ka zata.

Mataki na 1: Nemi wurin da zai karɓe ka kafin ka tsayar da take

Yawancin ɗalibai suna fara da take mai daɗin ji, a amince da shi, su rubuta babi uku, sannan su je wurin a ce musu ba a ba da bayanan ma'aikata. Ka juya tsarin. Rubuta wurare uku da kake da hanyar shiga: wata ma'aikata a sakatariyar Usman Faruk ko ta Giginya, kamfanin siminti da ke Kalambaina, reshen banki, makaranta mai zaman kanta, asibiti, ko ƙungiyar 'yan kasuwa a babbar kasuwa da Kara. Je ka da kanka ka tambayi sashen kula da ma'aikata abu uku: ko suna karɓar ɗalibai, wa ke ba da izini, kuma za su iya gaya maka adadin ma'aikatansu.

Kowane wuri da ɗabi'arsa. A ma'aikatar gwamnati takarda kan bi ta rajista zuwa ga babban sakatare ko daraktan mulki, saboda haka ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka riƙa bibiya cikin ladabi. Reshen banki ko na babban kamfani sau da yawa sai ya nemi amincewar hedikwata, wanda kan ɗauki makonni. Asibitin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ko da ma'aikata kawai za ka tambaya, ka fara neman izininsa. A kasuwa kuwa takarda ba ta kai gaisuwa ba. Ka samu shugaban ƙungiya ko sarkin sana'ar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Ranka shi daɗe, ɗalibi nike daga jami'a, karatu ya kawo ni, ba haraji ba." Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin mai shago da ya ga baƙo da biro da takarda, tunaninsa na farko jami'in haraji ne.

In duka wuraren uku suka ƙi, kada ka tsaya jira. Ka koma ga ƙananan sana'o'i: gidajen burodi, shagunan ɗinki, masu gyaran waya, masu harkar fata da ƙiraga, makarantun Islamiyya masu biyan albashi. A ganina nan ne ma binciken da ya fi amfani yake, domin an yi rubutu mai yawa a kan bankuna, amma dangantakar ubangida da yaran shagonsa, yadda ake sallamar yaro da jari, da abin da ke sa wani ya gudu kafin lokaci, har yanzu fili ne mai faɗi.

Mataki na 2: Matse taken

Take mai kyau yana nuna abu uku: abin da kake zaton yana tasiri, abin da ake yi wa tasirin, da wurin. "Kula da ma'aikata a Najeriya" ya fi ƙarfin kundi ɗaya. "Tasirin jinkirin ƙarin girma a kan niyyar barin aiki tsakanin malaman makarantun sakandare masu zaman kansu a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu" aiki ne da mutum ɗaya zai iya gamawa a zango ɗaya.

Daga taken ka fitar da manufofi uku, in sun yi yawa huɗu. Kowace manufa ta haifi tambayar bincike ɗaya da hasashe ɗaya. Ka rubuta su a jere a shafin farko na littafinka, domin duk tambayar da za ta shiga takardar tambayoyi sai ta nuna manufar da take yi wa aiki. Wadda ta kasa nunawa, a cire ta.

Mataki na 3: Karatu da zaɓen ra'i

Fara da Laburaren Abdullahi Fodiyo ko na makarantarku, ka duba kundayen shekarun baya don kada ka maimaita abin da aka riga aka yi a sashenku. Daga nan ka shiga Google Scholar da AJOL, inda mujallun Afirka suke. Kowace maƙala ka karanta, ka ba ta layi ɗaya a littafinka: marubuci, shekara, inda aka yi binciken, mutum nawa aka tambaya, me aka gano. In layukan suka taru, giɓin da za ka cike zai fito da kansa, kuma babi na biyu ya zo da sauƙi. Manhajar Zotero kyauta ce, tana jera manazarta bisa tsarin APA da yawancin sassa ke bi.

Ra'i, wato bayanin masana da za ka ɗora bincikenka a kansa (theory), ɗaya ya isa, biyu in ya zama dole. Wanda ke nazarin gamsuwa da aiki zai amfana da ra'in Herzberg na 1959, wanda ya ce albashi da yanayin wurin aiki suna hana ƙorafi ne, amma abin da ke zaburar da mutum shi ne yabo, ɗaukar nauyi da ci gaba. Mai nazarin ƙorafin albashi ya duba ra'in adalci na Adams, wanda ya nuna ma'aikaci yana auna abin da yake samu da abin da takwaransa ke samu. Ra'in Vroom na 1964 ya dace da batun lada da ƙoƙari. Ɗalibai suna son jera Maslow da duk wanda suka ji sunansa, alhali ra'in da ba za ka dawo gare shi a babi na huɗu ba cika shafi ne kawai.

Ka kuma san dokar da ta shafi batunka. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa naira 70,000 a 2024. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora aƙalla kashi 10 cikin ɗari a kan mai ɗaukar aiki, kashi 8 a kan ma'aikaci. Kada ka ɗauka kowane wuri yana bin waɗannan. Tambayar ko ana bi ko ba a bi ita kanta sakamakon bincike ce.

Mataki na 4: Mutum nawa, kuma su wa

Karɓi adadin ma'aikata daga jerin sunayensu na ofis, ka rubuta ranar da aka ba ka. Hanyar da aka fi bi ita ce lissafin Yamane na 1967: ka ninka adadin da 0.0025, ka ƙara 1, sannan ka raba adadin da abin da ya fito. Misali ma'aikata 400 ne: 400 sau 0.0025 ya ba da 1, ƙara 1 ya zama 2, raba 400 da 2, mutum 200 ke nan. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 zai ba ka 196 a kan wannan adadi, ka ga kusan ɗaya ne. Ka ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda takardun da ba za su dawo ba. In ma'aikatan ba su wuce 50 ko 60 ba, ka tambaye su duka.

Adadi ba shi ne wahala ba, zaɓen mutanen ne. Mai sayen albasa a Kara ba ya yanke hukunci da manyan da aka jera a bakin buhu, sai ya sa a zazzage ya ga na tsakiya da na ƙasa. In ka raba takardunka ga waɗanda ke zaune a ofisoshi masu sanyi kaɗai, ka bar direbobi, masinjoji, masu gadi, masu shara da ma'aikatan wucin gadi, to ka ji bakin buhu ne. Ka kasa mutanen kashi-kashi. A aikin gwamnati mataki na 01 zuwa 06 su ne ƙananan ma'aikata, daga 07 zuwa sama manya. A misalinmu, in ka kasa su uku, manya 40, matsakaita 120, ƙanana 240, to za ka ɗauki 20, da 60, da 120. Cikin kowane kashi ka bi jerin sunaye kana ɗaukar ɗaya kana tsallake ɗaya. Ka tabbata mata sun shiga gwargwadon yawansu.

In an hana ka jerin sunaye, ka raba takardun sashe-sashe bisa yawan mutanen kowane sashe, kuma ka faɗi a babi na uku cewa haka ka yi.

Mataki na 5: Tsara takardar tambayoyi

Kada ta wuce shafi biyu ko uku. A sama ka sa gajeren bayani: ko kai wane ne, me binciken yake nufi, ba a bukatar suna, kuma mutum yana da damar ƙin amsawa. Kashi na farko ya ɗauki jinsi, rukunin shekaru, ilimi, shekarun aiki da mataki. Albashi ka tambaye shi rukuni-rukuni, domin mutanenmu ba sa son faɗin ainihin abin da suke ɗauka.

Sauran kashin su bi manufofinka, kowace manufa da jimloli huɗu zuwa shida, a kan ma'aunin Likert mai hawa biyar, daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Ba sai ka ƙirƙiro komai daga kanka ba. Akwai ma'aunan da aka daɗe ana gwadawa, irin gajeren ma'aunin Minnesota mai tambaya 20 a kan gamsuwa da aiki, da na Allen da Meyer na 1990 a kan riƙo da wurin aiki. Ka ɗauko, ka daidaita da wurinka, ka faɗi inda ka samo.

Kurakurai uku ne ke yawan fitowa. Na farko haɗa abu biyu a jimla ɗaya, kamar "albashina da ofishina suna gamsar da ni". Wanda ke son ofis amma albashi bai ishe shi ba, me zai zaɓa? Na biyu jimlar da ke jan mutum zuwa ga amsa, kamar "shugabanni nagari suna tura ma'aikata kwas". Na uku ya fi su illa: tambayar mutum ko yana da ƙwazo. Ba wanda zai ce shi rago ne, saboda haka kowa zai ba kansa biyar, lissafinka ya tashi a banza. Ka tambayi abin da ake iya ƙirgawa: sau nawa ya makara a watan jiya, ko ya taɓa neman aiki wani wuri a bana, yaushe aka tura shi horo na ƙarshe. In za ka samu rajistar zuwa aiki ko kimantawar shugaban sashe, ya fi.

Ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa za su fi sakewa da Hausa. Ka fassara takardar, ka ba wani da bai ga ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, sannan ka gwada biyun ka gyara inda ma'ana ta kauce. Ka karanta wa Basakkwace ɗaya ko biyu da ƙarfi, ka ji ko Hausar ta zauna a kunnensu. Wanda bai iya karatun boko ba, kai za ka karanta masa, da murya ɗaya ga kowace jimla, ba tare da gyaɗa kai ko ɗaure fuska ba.

Mataki na 6: Gwajin farko

Bayan mai duba aikinka ya amince, ka gwada takardar a kan mutum 20 zuwa 30 a wani wuri mai kama da naka, waɗanda ba za su shiga ainihin binciken ba. Ka lura da inda suka tsaya suna tambaya. Sannan ka fitar da ma'aunin Cronbach na kowane kashi, wato lissafin da ke nuna ko jimlolin kashin abu ɗaya suke aunawa, 0.7 zuwa sama shi ake karɓa. In ya gaza, yawanci jimla ɗaya ce ke ɓata sauran, ka nemo ta ka gyara ko ka cire.

Mataki na 7: Fita fili

Nan ne amana take shigowa. Ma'aikaci yana tsoron abu ɗaya: kada abin da ya rubuta ya kai ga maigidansa. Saboda haka kada ka taɓa miƙa wa shugaban sashe takardu ka ce ya raba ya tattara maka, ko da shi ya nemi hakan don ya taimake ka. Ka gode masa, ka ce, "Yallaɓai, ƙa'idar makaranta ce in karɓa da hannuna." Kowace takarda ta tafi da ambulan ɗinta, mutum ya cike ya manne, ya jefa cikin jakarka ko cikin kwalin da ka rufe. Na ga takardun da aka tattara ta hannun wani shugaba, kusan duka sun yarda ƙwarai da komai, har da jimlar da ke cewa ana biyan alawus a kan lokaci, a wurin da kowa ke kukan alawus.

Lokaci ma yana da nasa. Ka je da hantsi, bayan mutane sun zauna, kafin azahar ta watsa su. Ranar Juma'a gajeriya ce, Litinin kuma ta taro ce a wurare da yawa. Ƙarshen wata ba a samun kan ma'aikacin banki. Da azumi ana tashi da wuri, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ba wanda zai zauna maka da takarda da tsakar rana. Mafi kyau mutum ya cike kana jira a waje; takardar da aka ce "dawo gobe" sau da yawa tana kwana a aljihun tebur. Kowace rana ka rubuta nawa ka raba a kowane sashe, nawa suka dawo.

Ɗalibi namiji da ke son jin ta bakin mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli, ɗinki ko saƙa, ya nemi abokiyar karatu ko 'yar'uwarsa ta shiga masa, bayan ya zauna ya koya mata yadda ake karanta tambayoyin. Manhajojin cike tambayoyi ta waya, irin Google Forms ko KoboToolbox, suna rage kuɗin fotokwafi, kuma sun dace da malaman jami'a da ma'aikatan banki, amma in ka dogara da su kaɗai ka zubar da duk wanda ba shi da babbar waya ko data.

In wurin ƙarami ne, kamar gidan burodi mai ma'aikata goma sha wani abu, hira ta fi takarda. Ka nemi izini kafin ka kunna ɗaukar sauti, ka yi hirar nesa da maigida, ka rubuta ta a daren ranar tun kana tuna fuskar mai maganar. Sunan mutum kada ya shiga kundi, ka ba shi lamba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta wajabta kiyaye irin waɗannan bayanai.

Akwai jarrabawar da ke zuwa wa kowa a wannan mataki: takardu 200 ake so, 140 suka dawo, lokaci ya ƙure, abokai suka ce a zauna gindin dogon yaro a cike sauran. Kada ka yi. Ƙarya ce a kan mutanen da suka ba ka amana, kuma tana bayyana a lissafi, domin hannu ɗaya ba ya iya kwaikwayon saɓanin ra'ayin mutum 60. Dawowar 140 cikin 200 kashi 70 ne cikin ɗari, abin karɓa ne, ka rubuta shi yadda yake.

Mataki na 8: Shigar da bayanai da lissafi

Ka ba kowace takarda lamba a kusurwarta. A Excel kowane layi na mutum ɗaya ne, kowane ginshiƙi na tambaya ɗaya. Takardar da aka bar rabinta fayau, ko aka bi layi ɗaya daga sama har ƙasa, ka ware ta gefe ka faɗi adadinsu. Jimlolin da aka juya, irin "ina yawan tunanin barin wannan aiki" a cikin kashin gamsuwa, sai ka juya makinsu, 5 ta koma 1, 4 ta koma 2. Mantawa da wannan shi ke kashe ma'aunin Cronbach a hannun ɗalibai da yawa. In ka gama, ka zaro takardu goma ka gwada su da abin da ke allo.

A manhajojin lissafi SPSS aka fi sani, amma Jamovi da PSPP kyauta ne kuma suna yin duk abin da kundin digirin farko ke bukata. Fara da kashi cikin ɗari da matsakaicin maki. A ma'auni mai hawa biyar, 3 ce tsakiya. Sannan ka gwada hasashe da lissafin dangantaka ko na tasiri, gwargwadon manufarka. In ƙimar p, lambar da manhajar ke fitarwa tare da sakamakon gwajin, ta gaza 0.05, ana cewa dangantakar tana da ƙarfin da ba a jingina ta ga dace. In ta haura, wannan ma sakamako ne, kada ka taɓa lamba don ta yi daidai da abin da ka so. Ka kuma yi hattara da harshe: ganin waɗanda aka horar sun fi gamsuwa bai tabbatar da horon ne sanadi ba, wataƙila masu uwa a gindin murhu ne ake turawa kwas tun farko.

Ba laifi wani ya taya ka danna manhaja, amma ka zauna tare da shi har ka iya bayyana kowane jadawali da bakinka.

Mataki na 9: Rubutu, kariya da mayar da sakamako

A babi na huɗu kowane jadawali ya samu bayani a ƙarƙashinsa: me ya nuna, ya dace da ra'in da ka zaɓa ko ya saɓa, kuma me ka gani a fili da zai bayyana dalili. Shawarwarin babi na biyar su fito daga sakamakonka, kowace da wanda zai aiwatar. "Gwamnati ta inganta walwalar ma'aikata" ba ta gaya wa kowa komai. "Hukumar makarantar ta sanar da ranar ƙarin girma a rubuce a farkon kowace shekara" abu ne da za a iya yi. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon kundi, shi ne na ƙarshe a rubutu. Duk jimlar da ka ɗauko ka ambaci mai ita, domin makarantu da yawa suna tace kundi da Turnitin don gano satar fasaha.

Ranar kare kundi ka tafi da takardun da aka cike, da takardar izini, da littafinka na fili. Tambayoyin da aka fi yi su ne yadda ka samu adadin mutanenka, yadda ka zaɓe su, da ma'anar lambobin jadawalinka. Bayan an amince ka yi gyare-gyare kafin a ɗinke kundin. Sannan ka rubuta taƙaitawa ta shafi ɗaya ko biyu, ba suna ba alamar da za ta nuna wani, ka kai wa wurin da ya karɓe ka. In kasuwa ce ka je ka yi wa shugaban ƙungiya bayani da baki. Takardun da aka cike ka adana su a kulle har sakamakonka ya fito, daga nan ka ƙone su.